Ɗanyen Kifi da Kwanon Mahaifina

Na ji wannan labari a bakunanku ya fi sau ashirin, kuma ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai ba. Duk ranar sallah, da zarar an kwashe kwanuka, sai wani ya ce, "Ku tuna ranar da Hajiya ta ce a mayar da sushi wuta," sai falo ya kaure da dariya, har da jikokin da ba a haifa ba a lokacin. Ina jin ku daga ɗakina. Shekara talatin da huɗu na yi ina koya wa 'yan mata girki da kula da gida, sha ɗaya daga ciki ina shugabar makaranta, amma abin da za a tuna ni da shi a gidana shi ne wai ban san kifi ba. To, tun da hannuna bai fara rawa ba tukuna, zan rubuta muku yadda abin ya faru. Auren autata Binta ne ke kan teburin nan a ranar, kuma saura kaɗan in rushe shi da kalmomi uku.

Dole in fara da abin da na daɗe ina ɓoye muku. A da, kullum nakan ce muku mahaifina, Malam Audu, ma'aikacin kamfanin kuza ne a Bukuru. Ban yi ƙarya ba, amma ban cika magana ba. Kuku ne. Shi ke dafa wa Turawan kuza abinci, da farar hula da farin gyauto a ƙugu, kuma idan ya jera abinci yakan tsaya a bayan teburi, hannuwansa a baya, har sai maigidan ya kai loma ta farko ya gyaɗa kai. Da aka kai ni makarantar kwana, 'ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwa suka ji labari. Duk ranar ziyara sai su tare ni a bakin ɗakin kwana suna cewa, "'Yar kuku, yau me oga ya rage muku?" Ina da shekara goma sha biyu na ƙudurta cewa babu wanda zai sake kirana da wannan suna, kuma na cika alkawarina har na yi furfura. Abu ɗaya na kasa yarwa, shi ne fai ɗinsa, gasasshen kwaɓin fulawa mai 'ya'yan itace a ciki, wannan da kuka tashi kuna ci kuna zaton a kwalejin horon malamai na koyo shi.

A gidanmu na Bukuru na koye shi, a cikin babbar tukunya da aka zuba wa yashi a ƙasa aka ɗora garwashi a kan murfinta, domin mu ba mu da obin. Mahaifina ba ya kwaɓa fulawa sai bayan sallar asuba, lokacin da sanyin Jos ke cizon yatsu. Yakan tsoma hannuwansa a ruwan randa har su yi sanyi ƙalau, ya goge, sannan ya murza bota cikin fulawa da kan yatsu kawai, tafin hannu ba ya taɓawa. Yakan ce ɗumin jikin mutum shi ke ɓata ɓawon fai. Sannan ba ya zuba tuffa ko sitroberi a kan ɗanyen kwaɓi. Sai ya shimfiɗa ƙasan a kwano, ya rufe da takarda, ya zuba busasshen wake a kai don kada ya kumbura, ya gasa shi shi kaɗai tukuna. Kwanon da yake gashin a ciki, fari mai baki shuɗi, ya ɗan ɓantare a gefe ɗaya, shi kaɗai na ɗauka a cikin kayansa da ya rasu. Marigayi mahaifinku, da yake a wajen harkar madara ya yi aiki a Vom, shi ke kawo mini bota mai kyau, kuma ko shi sai da muka shekara biyar da aure ya san asalin kwanon.

Shekarar da nake ba ku labari, Binta ta haura talatin, tana aikinta na haɗa magunguna, ta kori manema har na gaji da ba mutane haƙuri. Sai ga shi wata rana ta zauna a gefen gadona tana wasa da bakin mayafi, ta ce akwai wani. A baki ba na faɗin sunan surukina, kun sani, amma a takarda zan rubuta: Yusuf. Na tambayi sana'arsa, ta ce yana harkar gidan abinci. Ni kuwa na ɗauka mai gidan ne ko manaja, mutum mai ofis da kujera. Na ce to, ya zo ya gaishe ni.

"Mama, ai shi ne yake so ki je can ranar Asabar, ki ci abincin rana."

"In je ina?"

"Gidan abincin. Na mutanen Tailan ne da na Japan. Ya ce yana so ki ga abin da yake yi."

"Binta, ni zan yi lulluɓi in hau mota in je in gaida mai neman 'yata? A garinsu haka ake yi?"

"A barikin soja ya tashi a Legas, Mama. Bai san duk waɗannan abubuwan ba. Don Allah."

Kwana uku ina faɗa ni kaɗai a kicin. A zamaninmu mai neman aure shi ke zuwa, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, idanunsa a ƙasa, ko ruwa aka ba shi sai ya juya baya kafin ya sha. Amma na dubi shekarun Binta, na dubi yadda fuskarta ke haske idan wayarta ta yi ƙara, na ce zan je. Sai dai ba a haife ni in shiga wurin mutane hannu sake ba. Ranar Juma'a na aika aka sayo mini sitroberi daga wajen Vom, lokacinsa ne, na haɗa da tuffa da 'yar kirfa. Asabar bayan asuba na tsoma hannuwana a ruwan sanyi, na yi fai irin wanda ban yi kamarsa ba tun rasuwar mahaifinku, na gasa shi a kwanon mahaifina, na naɗe da sabon tawul. Na kuma ɗauki maƙwabciyata Maman Chinedu, mai shagon kayan fulawa a nan Titin Bauchi, wadda muka shekara ashirin katanga ɗaya, domin mace mai mutunci ba ta zuwa irin wannan wuri ba rakiya.

Tun daga ƙofa aka fara. Wata ma'aikaciya mai siririn wuya ta dubi abin da ke hannuna ta ce ba a shigowa da abincin waje. Na ce mata wannan ba abincin waje ba ne, abincin gida ne, kuma na wuce. Aka zaunar da mu a wani teburi gajere, aka ajiye wa kowa tsinke biyu a madadin cokali. Ni da na koyar da ɗaruruwan yara inda cokali mai yatsu ke zama da inda wuƙa ke zama, yau ga ni da tsinkaye kamar mai shirin gasa tsire. Aka kawo wata miya fara, wai da madarar kwakwa aka yi ta, ga jatan lande a ciki, ga ciyawar nan da muke sawa a shayi tana yawo a sama. Binta ta ce har da sukari a ciki. Sukari a miya! Aka kawo taliya an barbaɗa mata dakakkiyar gyaɗa kamar kayan ƙuli. Zan faɗi gaskiya, domin don gaskiya na ɗauki alƙalami: ƙamshin miyar nan ya shiga hancina har sai da na haɗiye yawu. Sannan aka kawo abin da suke kira sushi a kan wani dogon katako, an jera dunƙulen shinkafa ƙanana, kowanne da yankan kifi a kwance a kansa, jajir, yana sheƙi, wuta ba ta taɓa ganinsa ba.

Yanzu ku saurara, domin nan ne kuke ɓata labarin. Ban yi ihu ba, ban kuma buga teburi ba kamar yadda ɗana Sani yake kwaikwayona. Abin da na yi zato shi ne masu dafa abinci sun yi kuskure saboda gaggawa, kuma idan Yusuf ya fito ya ga an kawo wa uwar budurwarsa ɗanyen kifi zai ji kunya, wataƙila ya kori wani daga aiki. Rufin asiri na yi niyya. Na yafito ma'aikaciyar, na rage murya, na ce, "'Yata, ɗauke wannan a hankali ki mayar, an manta ba a dafa ba. Ba sai kowa ya ji ba." Maman Chinedu ce ta lalata komai, domin Allah bai ba ta ƙaramar murya ba.

"Gaskiya ne, Hajiya! Wannan kifi bai gama mutuwa ba sef. Abeg, a kai shi wuta!"

Duk teburan da ke kusa suka juyo. Binta ta rufe fuska da tafin hannu tana cewa, "Mama, haka ake cin sa, haka ake cin sa." Ma'aikaciyar kuwa ta ruga ciki, ba a jima ba sai ga wani dogon saurayi ya fito daga ƙofar kicin, da farar hula a kansa, da farin gyauto a ƙugunsa. Ya cire hular, ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe ni da ladabi, ba zan rage masa wannan ba. Ya yi mini bayanin kifin a natse, ya ce idan ban saba ba in bar shi, in fara da miyar, shi da kansa ya yi ta tun safe saboda ni. Sannan ya miƙe, ya koma bayan teburi, ya sa hannuwansa a baya, ya tsaya yana jira in kai loma ta farko.

Ba Yusuf na gani ba a wannan lokaci. Malam Audu na gani a tsaye, da tsayuwar da komai, har yadda ya ɗan sunkuyar da kai gefe guda. Shekara sittin ina gudu daga wannan tsayuwa, sai ga 'yata ta kawo ni gabanta ta zaunar da ni. Kafin in san na buɗe baki, na ji kaina ina cewa:

"Ashe kuku ne?"

Ya ji. Na ga lokacin da maganar ta same shi, domin murmushinsa bai gushe ba amma idanunsa sun sauka ƙasa. Duk da haka bai motsa ba, yana jiran lomar. Ga kuma inda al'adarsa da tawa suka yi karo ba wanda ya sani. A sana'arsa, mai girki ba ya barin teburin babban baƙo sai an ɗanɗana. A tarbiyyata, mace ba ta tauna abinci a gaban surukinta, ko da yunwa za ta kashe ta. Uwata ta shekara ashirin da huɗu da mahaifinku a matsayin suruki, bai taɓa ganin ta sha ko ruwa ba. Ni ina jira ya tafi in ci, shi yana jira in ci ya tafi. Miya tana hucewa a tsakaninmu.

"Mama, ki ɗan taɓa mana," in ji Binta.

"Na ƙoshi."

"Ko cokali ɗaya, Mama."

"Na ce na ƙoshi."

Maman Chinedu ta sha tata miyar har ta kai ga ƙasan kwano, tana ta cewa, "Hajiya, ka ci mana, yaro ya iya abu." Ni kuwa na gyara mayafina na miƙe. Sai da muka iso gida na tuna na bar kwanon mahaifina a kan teburin, da fai ɗin a ciki, ko buɗe tawul ɗin ba a yi ba.

Binta ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta haɗa 'yan kayanta washegari ta ce za ta kwana biyu a Bukuru wurin ƙanwata Laraba, kwana biyun nan suka zama wata biyu. Na ce wa kaina ba ni da laifi, al'ada na bi, kuma duk wanda ya san ya kamata zai fahimta. Na faɗa wa yayyenta haka a waya, su ma suka ce haka ne, amma na ji a muryarsu ba su yarda ba. Sai wata rana da hantsi, Binta ta kira ni.

"Mama, Inna Laraba ta nuna mini hoton Kaka. Da hularsa."

Na nemi wuri na zauna. Ta ci gaba:

"Na yi zaton Yusuf kike jin kunya. Ashe ba shi ba ne."

Ta kashe wayar. Na daɗe a zaune da ita a hannuna. Haushin Laraba na ji da farko, mai bakin da ba ya riƙe komai tun tana yarinya. Sannan na ji haushin Binta, sannan na Turawan da suka mutu tuntuni, sannan na waɗancan 'yan matan makarantar kwana da yanzu duk sun zama tsofaffi marasa haƙora kamar ni. Da na gama zagaye kowa ban sami wanda ya rage ba sai ni. Amma girman kai bai bar ni na aika a karɓo mini kwanona ba, bai kuma bar ni na je Bukuru ba. Maman Chinedu takan leƙo ta katanga ta ce, "Hajiya, ka kira yarinya. Wannan fushi ba zai ba ka jika ba." Ni kuma in ce mata ta kula da shagonta.

Ruwan farko ya sauka a shekarar, sitroberi ya fara ƙarewa a kasuwa, sai wata Talata da la'asar aka yi sallama. Yusuf ne. Ya cire takalmi tun daga ƙofar gida, wani ya koya masa ke nan, ya durƙusa a baranda bai shigo falo ba. A gabansa ga kwanon mahaifina a naɗe cikin tawul ɗina, an wanke an goge. Ya ce ya kawo mini kayana, ya kuma nemi gafarar jinkiri. Wai an gaya masa ba a mayar wa mutum kwano fanko, shi ya sa ya daɗe. Na ɗauka na ji nauyi. Na shiga kicin, na rufe ƙofa, na buɗe. Fai ne, an yi masa saƙar sama irin tawa, ya yi ja gwanin kyau. Na yanka. Wuƙa tana kaiwa ƙasa na san abin da ya faru: ƙasan ya jiƙe sharkaf, ya yi danƙo kamar tuwon da bai nuna ba. Ɓawon kuma, da ya kamata ya ruguje a baki, tauri gare shi kamar biskit ɗin kanti.

Na yi niyyar in fito in yi godiya in sallame shi cikin mutunci. Allah ya sani wannan ce niyyata. Amma shekara talatin da huɗu ina duba girkin ɗalibai, ban taɓa barin irin wannan aika-aika ta wuce ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Mama. Sau tara ina gwadawa. Naki na ci a tsaye a kicin ranar nan, ban ba kowa ba, kuma tun ranar nake neman yadda aka yi."

"Da wane lokaci kake kwaɓi?"

"Da rana, idan aiki ya lafa."

"Da rana! A ina?"

"A kan teburin da ke gefen murhu."

"Inna lillahi! Gefen murhu! Kuma ka zuba 'ya'yan itacen a kan ɗanyen kwaɓi ko? Kai komai naka ɗanye?"

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi, na gane dariya yake dannewa. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na fara yi masa bayanin ruwan randa da kan yatsu da busasshen wake, ina yi ina nuna shi da wuƙar da na manta tana hannuna. Ya ɗago ya tambaye ni a wane littafi na karanta haka, domin ya duba littattafai da yawa bai ga zancen tsoma hannu a randa ba. Da na ce a kwaleji, da ya yarda.

"Ba a littafi ba ne," na ce. "Mahaifina kuku ne. Malam Audu Kuku, na Bukuru. Kwanonsa ne wannan, kuma bai taɓa fitar da jiƙaƙƙen fai daga cikinsa ba."

Rabon da in faɗi wannan da bakina tun ina 'yar shekara goma sha biyu. Ban faɗi ƙasa ba, rufin gida bai rufto ba. Yusuf ya ce Allah ya jiƙansa, na ce amin. Sannan na ce masa ya zo gobe bayan asuba da fulawarsa da botarsa, kada ya makara, kuma idan ya tashi daga nan ya gaya wa iyayensa su nemi Baffan Binta a sa rana. Ya sake durƙusawa zai yi dogon jawabi, na ce ya tashi ya tafi, ina da aiki. Binta ta dawo gida a daren Alhamis ɗin makon da jakarta. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. Ta shiga kicin ta tarar da ragowar gwajinsa na goma, ta ci, ta ce, "Wannan ya fi." Na ce da saura.

Abin ya ci mini kwanona. Ranar da aka kai Binta na sa shi a cikin kayanta, domin kwanon kuku a hannun kuku ya kamata ya zauna. Na yi zaton gashi zai riƙa yi a ciki. Ina! Sai ya rataye shi a bangon gidan abincin nan, daidai inda kowa zai gani, ya sa aka rubuta sunan mahaifina da sana'arsa a ƙasa, ya kuma sa fai ɗin a jerin abincinsu, tsakanin miyar kwakwa da ɗanyen kifi. Bai nemi izinina ba. Yanzu tsofaffin ɗalibaina, wasunsu da jikoki, sukan je can su ci, su kira ni a waya suna cewa, "Malama, ashe ke 'yar kuku ce!" Nakan ce eh, ni ce, sai me? Kiran farko da na biyu sun yi mini ɗaci. Yanzu abin da ya fi ɓata mini rai shi ne surukina ya fara saka citta a cikin tuffar, abin da Malam Audu bai taɓa yi ba, na kuma yi masa magana har na gaji.

Har yau surukina bai taɓa ganin na kai loma bakina ba, kuma ba zai gani ba. Duk Juma'a yakan aiko mini da miyar kwakwar nan, in shiga ɗaki in rufe ƙofa in shanye, in aika masa da kwanonsa da wani abu a ciki. Saboda haka idan za ku ba da labarin nan bayan raina, ku faɗi kalmomi ukun da na yi, kada ku rufa mini asiri, ku kuma faɗi sunan mutumin da ya koya mini tsoma hannu a randa. Amma idan kun zo kan kifi, ba ni da abin gyarawa. Ɗanye aka kawo shi, kuma ko makon jiya da ya haɗo mini da shi, sai da na soya.